Karen da na sayo ya kayar da mahaifiyata

Goggo, don Allah ki taimake ni, abin da na kasa faɗa wa abokaina ne na kawo miki.

Ni mai walda ne. Bara ɓarayi suka haura mana katanga da rana tsaka ina wurin aiki. Ba su taɓa kowa ba, amma na rantse sai na kawo kare. Matata ta ce mu samo ɗan kwikwiyo na gida, ya taso cikin yara, ya riƙa haushi in ya ga baƙuwar fuska. Na yi mata dariya. Ni ƙato nake so, irin mai faɗin kan nan da jami'an tsaro ke aiki da shi, don a san akwai namiji a gidan. Mai sayarwa ya ce in kulle shi kada ya saba da kowa, wai haka zai yi zafi. Da hannuna na ƙera masa keji, har ina kiran maƙwabta kallo.

Zafi kam ya yi. Yara sun daina wasa a tsakar gida. Ni kaina tsoronsa nake ji, da dogon rodi nake tura masa kwanon abinci. A waje kuwa ana kirana mai zaki, ina wani ɗaga kafaɗa.

Makon jiya ban sa sakatar kejin daidai ba. Inna ta zo ganin jikokinta, karen ya fito ya kayar da ita, ya yaga mata zani. Allah ya tsare bai cije ta ba. Matata ce ta watsa masa ruwa, ta janye ta. Ni ina gida, Goggo. Ina bayan ƙofa ina ihu, ƙafata ta ƙi fita, kuma Inna ta gan ni. Ta ɗauki takalminta ta tafi. Har yau ba ta dawo ba, ni kuma kunya ta hana ni zuwa. In na rabu da karen a yi mini dariya, in na riƙe shi na rasa uwata. Ya zan yi?

Mai Walda

Ɗana, niyyarka mai kyau ce, wanda aka haura wa gida dole hankalinsa ya tashi. Amma ka zaɓi kare don idon maƙwabta, ba don gidanka ba. Irin waɗannan karnuka na aiki ne, suna buƙatar horo da fili da yawo kullum. Wanda aka kulle bai san 'yan gida ba, to wa zai tsare?

Kada ka kashe shi, ba laifinsa ba ne. Ka kira likitan dabbobi ya duba shi, ya haɗa ka da mai horar da karnuka da zai karɓe shi. Kare yana gane mai tsoronsa, wannan ya fi ƙarfinka. Nan gaba ka zaɓi ƙarami mai sanyin hali, ka ga uwarsa tukuna, kuma ka tafi da matarka. Ta cancanci godiya da ban haƙuri.

Dariyar maƙwabta ba ta wuce kwana biyu. Ka fitar da karen, ka je wurin Inna ka durƙusa. Kada ka ɗora wa sakata laifi, ka ce mata tsoro ne ya kama ka. Ita ta goya ka, ba yau ta fara ganin tsoronka ba. Rashin zuwanka ne bai kamata ta gani ba.

Allah ya ba ta lafiya, ya tsare maka iyali.