Kalmar da Aka Goge daga Taswirar Unguwar Barau

Ikrama Audi Gafasa,
Sakataren Matasa Masu Sa Alama a Taswira,
Mazaɓar Gafasa, Ajingi.
14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Sa-kai na Shirin Tarar Ambaliya,
Yankin Gaya da Ajingi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIRE KALMAR "RANI" DAGA TASWIRAR GUDUN AMBALIYA

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina neman izinin gabatar da ƙorafi kamar haka:

1. A watan Maris kwamitinka ya roƙi jama'a su sa alamar rijiyoyi, kwaruruka da tuddai a taswirar waya, domin a san inda za a bi idan ruwa ya zo. Mu goma sha ɗaya muka amsa, muka taka cikin azumi, muka tura kowane wuri da sunan da masu shi ke kiransa.

2. Cikinsu akwai yashin da ya ratsa tsakanin Unguwar Barau da tudun makarantar firamare. Sunansa Hanyar Rani. Da rani amalanke ke binsa. Da damina kuwa rafi ne, ya taɓa tafiya da sa da amalankensa.

3. Ranar 23 ga Yuni aka manna taswirar a ƙofar masallaci. Malam Kamalu, jami'inka mai tace bayanai, wanda takalminsa bai taɓa ɗaukar yashin Gafasa ba, ya duba hoton tauraron ɗan'adam na watan Fabrairu, ya ga sawun taya, ya yanke cewa "Rani" ƙarin surutu ne irin namu na ƙauye. Ya goge ta, ya bar "Hanya", ya ja mata koren layi: nan za a bi a tsira. Na yi karance-karance daidai gwargwado, ranka ya daɗe, amma ban taɓa cin karo da masanin da ya tura mutane cikin rafi don su guje wa ruwa ba.

4. Na same shi ranar 30 ga Yuni da ta 7 ga Yuli. Bai ɗago daga kwamfutarsa ba. Ya ce bayanin mutanen gari ba shi da inganci, tauraro kuma ba ya ƙarya. To ai tauraron bai taɓa yin damina a garinmu ba.

5. Tsofaffin unguwar sun san rafin, amma an ce musu an gyara hanyar, ga ta a takardar da 'ya'yansu suka yi. Afra'u, wadda aka sa mana rana bayan kaka, ita ta sa wannan alama da hannunta, ita ta bi gida-gida tana cewa a yarda da taswira. Mahaifiyarta, Inna Hajara, a unguwar take, kuma da sanda take tafiya. Gida arba'in ne, ga Agusta a bakin ƙofa.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a sauke taswirar kafin Juma'a, a mayar da koren layin ta bayan maƙabarta inda ƙasa ke da tudu, kada kuma a sake taɓa sunan wuri sai an tambayi wanda ya turo shi. Idan Malam Kamalu ya tsaya a kan bakansa, muna gayyatarsa ya bi hanyar tasa bayan ruwan sama na gaba. Za mu tsaya masa a tudu da igiya.

Haruffa huɗu ne kacal, ranka ya daɗe. A mayar mana da su.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira.

Naka mai biyayya,
Ikrama Audi Gafasa