'Yan Tsaki Uku a Kan Akwatin Pilo

Asibitin Gabas,
Talata, 4 ga Maris.

Zuwa ga Lakay ɗina, mijina Crisanto,

Gaisuwa mai tarin yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa. Yaya teku? Yaya ƙafar nan taka mai kumbura in jirginku ya daɗe a ruwa? Ina fata kana shafa man da na ba ka, ba ka bar shi a gindin jaka yadda ka saba ba. Ni lafiyata ƙalau. Na samu Nanang, mahaifiyata, a waya ranar Lahadi kafin layi ya ɗauke, ta ce ita da 'yarmu Jonalyn suna lafiya, kuma tafarnuwa ta yi kyau bana.

Na san kun ga labarin ƙasar nan a cikin jirgi, to kada ka tayar da hankalinka. Harbin yana can wajen barikin soja da gadar kogi. Mu sai dai mu ji ƙararsa, sai kuma waɗanda ake kawo mana jina-jina. Kwana shida ke nan ban cire farar riga ba. Wannan takardar ma direban motar asibiti zan ba, ya ɗauki hotonta ya tura maka in ya hau tudun da ake samun layi.

Damuwata ɗaya ce, ƙanena Pilo. Ka san masana'antar simintin da yake gyara wa na'urar sanyi tana can bayan gada. Masu kamfanin sun ari na kare tun ranar Juma'a. Indiyawa sun turo wa mutanensu motoci huɗu, wani abokinsa a cikinsu ya ce masa akwai kujera, ya shigo su wuce bakin iyaka. Jiya ya kira ni ta wayar ofishin kamfanin ya ce, "Manang, yayata, in hau?" Na ce ya dakata in tambayo.

Na je ofishin da gwamnatin ƙasarmu ta buɗe a nan don mu ma'aikata, na samu Mista Almazan. Ka tuna shi, mutumin nan mai zobba wanda ba ya sakin makirufo a bikin Kirsimeti sai an kashe wuta. Ya ce mini, "'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, gwamnatinki ba barci take ba." Ya miƙo mini sanarwa da sa hannunsa da hatimi. An rubuta kowa ya zauna inda yake. Wanda ya bi motar wata ƙasa an cire sunansa daga jerin waɗanda za a kwashe, kuma ba wanda ya san shi a bakin iyaka. Motarmu za ta tsaya a ƙofar masana'antar ranar Asabar, ƙarfe takwas na safe.

Na karanta wa Pilo, ya kwashe da dariya ya ce, "Manang, ke dai da takarda mai hatimi kamar Fadan coci da Littafi Mai Tsarki." Na ce, "Rufe mini baki ka zauna, sarkin rawar kai, in aka cire sunanka me zan gaya wa Nanang?" Su goma sha ɗaya ne mutanenmu a wurin, kuma duk sun fasa bin Indiyawan saboda maganata. Yau da safe motocin suka tashi.

Ka kunna mana kyandir in akwai inda ake kunnawa a jirgin. Ka gaida abokan aikinka.

Baket ɗinka, matarka mai kewarka,
Nieves.

Sansanin bakin iyaka,
Asabar, 15 ga Maris.

Lakay,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Pilo ya rasu. Yau mako guda.

Manong Berto, tsohon nan mai walda da suke aiki tare, shi ya ba ni labari, kuma yadda ya faɗa haka zan rubuta maka. Tun ƙarfe bakwai suka fito ƙofa da akwatunansu. Takwas ta yi, goma ta yi, rana ta take, ba mota ba dalilinta. Pilo ya ce wataƙila direban ne bai gane ƙofar ba. Ya ciro 'yar tutarmu da yake rataye a ɗakinsa, ya ɗaura a bututun ƙarfe, ya fita bakin titi yana kaɗawa. Wata a-kori-kura cike da 'yan bindiga ta zo wucewa, suka harbe shi, ko tsayawa ba su yi ba. Ya kai la'asar da ransa. Manong Berto ya ce duk bayan ɗan lokaci sai ya buɗe ido ya tambaya ko motar ta zo.

Kwana biyu suna turo shi a baron siminti har suka iso nan. Mutum goma, ba wanda ya ce a ajiye shi a hanya. Mu kuma wata ƙungiyar agaji ce ta kwaso mu daga asibiti ranar Talata. A nan na tarar da shi.

Lakay, ba a taɓa ɗaukar hayar wata mota ba. Ko ɗaya. Matar da take dafa abinci a sansanin ta ce da idonta ta ga Almazan ya tsallako tun ranar Alhamis, kwana uku bayan ya ba ni takardar, shi da matarsa da kayan kiɗansa a bayan mota. Yanzu yana can ƙarƙashin rumfa, ya kafa tebur da tuta, yana miƙa wa mutane robar ruwa ana ɗaukarsa hoto. Da ya gan ni ko gezau. Cewa ya yi, "Sannu da haƙuri, 'yar'uwa, abin ya taɓa mu duka."

Ka ji kuma abin da ya rubuta a takardar mutuwar. Wai mamacin ya saɓa wa umarnin zama wuri ɗaya, ya fita kan titi da gangan. Ƙanena, wanda ya bar kujera a hannu don bin umarninsu! Na ce ba zan sa hannu a kan ƙarya ba. Ya gyara zobensa ya ce to ai shi ke nan, gawar da ba ta da takarda ba ta shiga jirgi, sai a binne ta a nan bayan sansani.

Na sa hannu. Kada ka ce mini komai, na sa. Ba zan bar Pilo a ramin da Nanang ba za ta taɓa gani ba. Amma wallahi ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan. Ina son ya ji abin da nake ji, ya sa abinci a baki ya kasa haɗiya. Sanarwarsa tana cikin rigata, na naɗe ta a leda, ko wanka zan yi da ita nake shiga.

Jibi za mu tashi. Kada ka karya kwantiraginka, ba abin da zuwanka zai gyara.

Taka,
Nieves.

Gida, Ilocos,
Laraba, 2 ga Afrilu.

Lakay ɗina,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Saƙonka ya iso, na karanta wa Nanang, ta ce Ubangiji ya yi maka albarka. Jonalyn tana gaishe ka. An binne Pilo ranar Litinin, kusa da Tatang, mahaifinmu. Bari in ba ka labarin yadda aka yi.

Da muka shigo da akwatin aka ajiye shi a falo, Nanang ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon fuskarsa ta gilashin murfin akwatin, sannan ta juyo ta ce, "Nieves, ajali ne ko kashe mini shi aka yi?" Na faɗa mata komai. Ta tashi ta nufi akurki, ta dawo da 'yan tsaki uku a cikin zanenta da tsakin shinkafa a hannu. Ta ɗora su a kan gilashin, ta watsa musu. Jonalyn ta ce, "Na mene ne wannan?" Nanang ta ce, "Ba a ɗora su sai a kan wanda aka kashe, mai laifin yana yawonsa. Duk tsattsaga ɗaya da suka yi, a zuciyarsa take sauka."

Lakay, suna fara ƙwas-ƙwas ɗin nan, a ƙirjina na ji shi. Ni na ce masa ya zauna. Ni na ce masa sarkin rawar kai. Na fita bayan gida na durƙusa a ƙasa. Nanang ta biyo ni ta tsaya a kaina. Ta ce, "Tashi, ba ke ba ce. Ke takarda kika yarda da ita. Ina takardar?" Na ciro na ba ta. Ta shimfiɗa ta a kan gilashin, ta tattara tsakin duka ta zuba daidai kan sa hannunsa.

Kwana na huɗu da zaman makoki aka aiko cewa manya suna tafe daga Manila da 'yan talabijin, za su kawo furanni da allon yabo, wai Pilo gwarzon zamani ne. Haka suke kiranmu in mun dawo a akwati. Da hantsi motoci uku suka tsaya. Wa zai fito a gaba da farar riga mai aiki? Almazan! Ashe shi ma yabo aka yi masa, wai ya fitar da mutanensa lafiya.

Wata mata da take tare da su ta riga su shiga. Tana ganin 'yan tsakin ta raɗa mini, "Don Allah a ɗan ɗauke su, minti biyar kawai, ba za su yi kyau a hoto ba." Na ce, "Je ki gaya wa tsohuwar can." Ta kalli Nanang, ta koma bakin ƙofa.

Ya shigo yana sunkuyar da kai irin na masu jaje. Sai ya ji ƙarar. Ɗan ƙasa ne, shi ma kaka ce ta raine shi, ba sai an yi masa bayani ba. Ya matso, ya ga takarda, ya ga sunansa, 'yan tsaki sun riga sun huda shi wuri uku. Maza masu karta a ƙarƙashin rumfa suka ajiye katinsu suka cika ƙofa. Manong Berto, wanda ya taso tun daga Pangasinan don jana'izar, ya leƙa ta kafaɗarsa ya karanta da ƙarfi, "Ranar Asabar, ƙarfe takwas na safe." Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, har yanzu fa muna jiran motar."

Aka miƙa masa makirufo. Karon farko ke nan da na ga abin nan a hannunsa ya rasa ta cewa. Ya buɗe baki, ba abin da lasifika ta ɗauka sai ƙwas, ƙwas, ƙwas. Mai ɗaukar hoto ya kawar da kai daga fuskarsa ya matsa kan takardar. Zufa ta jiƙa masa riga sharkaf. Ya ajiye makirufon a kan kujera ya fita, bai ko yi wa Nanang sallama ba. Furannin kuwa ta sa an zuba wa awaki. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi, daɗin da ban ji kunyarsa ba ko a gaban Fada.

Nanang ta ce ba binnewa sai an goge ƙaryar. Ƙasa duka ta ga hoton, don haka bayan kwana takwas sabuwar takarda ta zo, wani ne ya sa hannu. An rubuta cewa Pilo ya mutu yana jiran motar da aka yi masa alkawari. Sai a ranar Nanang ta yi kuka.

Kana tsammanin an kore shi? Ina! An dai ɗauke shi daga idon jama'a. Jiya na samu labarin inda aka mayar da shi, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Garin da jirginku yake shan mai duk bayan wata biyu, can aka kai shi, wai ya kula da ku ma'aikatan jirgin ruwa.

Shekara goma sha huɗu da aurenmu ban taɓa roƙon ka abu mai nauyi ba. In kun tsaya, ka shiga kasuwa ka samo 'yan tsaki uku. Ka je ofishinsa da rana, lokacin da layin mutanenmu ya fi tsawo. Kada ka zage shi, kada ka taɓa shi, na san zuciyarka. Ka ɗora su a kan teburinsa, ka watsa tsaki, ka faɗi cikakken sunan Pilo, "Teofilo Agcaoili," ka juya. In kun dawo bayan wata biyu ka sake. In kuma suka ɗauke shi daga nan, ka samo mini sunan garin kawai. Su suka watsa mu duniya, ba ƙasar da za su kai shi da ba ni da ɗan'uwa a cikinta.

Ka kula mini da kanka. Nanang da Jonalyn suna yi maka addu'a.

Baket ɗinka har kullum,
Nieves.