Yayana Ya Zama Dutse, Ni Kuma Takobi Nake So

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi mini dariya. Na san wasa ne, amma ya hana ni sakat.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Duk Asabar da yamma mukan taru a falon maƙwabcinmu, wani malamin makaranta, mu yi wasan labari a kan tebur. Malam ke jan labarin, kowannenmu kuma yana da jaruminsa a rubuce a takarda. Ɗan ludo mai fuska ashirin da muke jefawa ke yanke hukunci, ko saranka ya samu ko ka faɗa rami. Kowane jarumi da sana'arsa: na yayana mayaƙi ne, na mijina ɓarawo, tawa kuma mai magani. Shekararmu biyu ke nan.

Anti, kwana biyar ina wanke ciwo a asibiti, ranar hutuna kuma in zo ina ɗaure wa mutanen takarda rauni. Su yi ta sara da suka suna ihu, ni ina baya ina jiran a kira ni. Wallahi na gaji. Dokar wasan ta yarda idan jarumi ya hau sabon mataki ya ɗauki sana'a ta biyu, sai dai matakin da aka ba sabuwar, tsohuwar ba ta samunsa. Haka mijina ya yi, ɓarawonsa ya koyi sihiri. Bai ƙware a ko ɗaya ba, amma babu inda ba ya tsoma baki, kuma ya fi kowa jin daɗi. Asabar mai zuwa zan hau mataki na tara, na daɗe da ƙudurta cewa takobi zan ɗauka.

Sai ga shi mako uku da suka wuce wani dodo ya mai da jarumin Yaya dutse. Maganin da ke warware wannan, a mataki na tara mai magani ke samunsa, in ba ta haɗa sana'a ba. In na haɗa, sai an ƙara wata biyu ko uku.

Yaya kuwa tun da ya yi haɗarin mota ya bar aiki, ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Wasan nan kaɗai ke sa ya sa riga mai guga, ya dogara sandarsa ya fito. Yanzu zuwa yake ya zauna, ba abin da zai jefa, sai ya yi ta feƙe wa mutane fensir. Malam ya ce ya ƙirƙiri sabon jarumi, ya ƙi. Bai taɓa roƙona ba, amma ya fi ni sanin ranar da zan hau matakin nan. Ina tsoron in na ɗauki takobi, wata Asabar ya ce ƙafa na damunsa, daga nan shi ke nan. In kuma na haƙura, ina tsoron haushin ya fito mini a fuska. Son kai ne, Anti?

Ƙanwar Dutse

Ƙanwata, ban yi dariya ba, murmushi kawai na yi. Ba son kai ba ne. Wadda ta kwashe mako tana jinya ta cancanci ta sari dodo ranar Asabar.

Jaruma mai sana'a ɗaya tana yin zurfi, ta isa manyan abubuwa da wuri, abokan tafiya kuma su san inda za su dogara. Mai haɗa biyu ta fi sakewa da nishaɗi, amma jinkiri na tare da ita, wani lokaci har ya shafi na kusa. Babu wadda ta fi wata, lokacin zaɓa ne abin dubawa.

Shawarata, wannan matakin ki ba wa magani. Takobi zai jira wata biyu, ban tabbata yayanki zai jira ba. Amma kada ki haɗiye abin ki yi shiru, kamar yadda na ga alama kin saba. Kafin a fara wasa, ki faɗa musu duka cewa daga mataki na goma mayaƙiya ce ke, kowa ya fara koyon ɗaure rauninsa. Maigidan naki mai son tsoma baki ko'ina, ga magani nan ya ɗauka.

Sannan kada ki jira Asabar. Ki je wurin Yaya a tsakiyar mako da takardarki da fensir, ki ce masa bayan kin tayar da jaruminsa daga dutse kina neman malamin takobi, ba ki kuma san wanda ya fi shi ba. Mutumin da kowa ke lallaɓawa tun bayan haɗari ya daɗe bai ji an nemi wani abu a wurinsa ba. Ke ki fara nema.

Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya ba ki hutun da kike ba wasu.