Ƙullutun da ya san lissafin wata

Anti Fanta, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Saura mako uku ranar aikin da likita ta sa mini ta cika, kuma har yau ban san ko zan je ba.

Shekara shida ke nan da aka yi mini aiki aka ciro 'yata Afra'u. Kwana biyu ina naƙuda a gida a Fassi, Innata na riƙe da hannuna, sai da maigidana ya sauke buhunan albasar da ya yi lodi zai kai Kano, ya shimfiɗa mini katifa a bayan motar muka nufi asibitin Rano. Allah ya raba lafiya, ɗinki ya warke, na koma sana'ata ta ƙuli-ƙuli da man gyada.

Bayan na yaye ta sai na ji wani ɗan ƙullutu a gefen hagu na ɗinkin, kamar ƙwayar gurjiya. Na ce zare ne ya ƙi narkewa. Wani lokaci ya kumbura ya yi ta zugi, in kasa sunkuyawa matsar tunkuza, har ɗaurin zane sai na mayar ƙirji. Bayan kwana biyar ko shida ya lafa kamar ba shi ba. Na gasa, na shafa man zafi, na sha jiƙe-jiƙe, kusan shekara uku ban haɗa shi da komai ba.

A azumin bara na gane. Ina ƙirga kwanakin da zan rama, sai na lura ranar da na sha azumi ranar ya tashi, ranar da na yi wankan tsarki ranar ya kwanta. Na bi shi a Shawwal, na bi shi a Zulƙida, bai saɓa ko sau ɗaya ba. Har yakan riga ni sani, ya fara motsi ana gobe baƙona na wata zai zo. A Rajab ɗin nan fatar wurin ta yi duhu, ɗigon jini baƙi ya fito. Anti, na zauna a bakin gado ina kallon cikina ina ta subhanallahi. Wa ya gaya wa wannan ɗan abu cewa wata ya zagayo? Tsoro nake ji, amma wallahi mamakin ya fi tsoron yawa.

Maigidana ya kai ni wani asibiti a Kano, aka yi hoto. Likitar ta ce irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ne, ɗan ɓurɓushinsa ya maƙale a bakin yankan ranar aiki, ya kama, ya rayu, yana ta yin abin da aka halicce shi ya yi. Ta ce a cire. Na tambaye ta ko ciwon daji ne, ta ce da wuya ƙwarai, amma akan sami wanda ya juye in ya daɗe, kuma sai an ciro an gwada za a tabbatar.

Kuskurena da na mayar wa Innata maganar yadda take. Kalmar daji kaɗai ta shiga kunnenta. Kin san abin da mutanenmu suka riƙe, cewa daji ba ya son ƙarfe, da allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya watsu. Ƙanwarta Inna Salma an yi mata aikin nono, ba ta shekara ba. Yanzu Inna ta ce muddin tana raye ba mai sa mini wuƙa, ta aika garin Fammar an karɓo mini maganin shafawa, in ta dube ni sai hawaye. Maigidana ya ce duk abin da na zaɓa, amma shi ba zai iya ja da surukarsa ba. Ban taɓa saɓa wa Inna ba, kuma ba na so in bar Afra'u marainiya. Ya zan yi? Kuma jinin nan da ke fitowa ta ɗinki, shi ma haila ne, in ajiye salla?

Maman Afra'u, Fassi

Maman Afra'u, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Na yi shekara talatin ina aikin unguwarzoma a asibiti, sau biyu kacal na ga irin wannan, kuma duk biyun sai da na tsaya ina tasbihi kamar ke. Naman da ya bar gidansa shekara shida, yana zaune a ƙarƙashin fata, amma umarnin da jini ke kai wa mahaifa duk wata shi ma yana isa gare shi, yana kuma bi. Likitoci na kiransa endometiriyosis na tabon aiki. Ba jifa ba ne, ba kuma wani laifi kika yi ba. Lurar da kika yi da kwanakinki ita ta sauƙaƙa wa likita aikinta.

Likitarki gaskiya ta gaya miki. Juyewarsa daji abu ne mai wuyar faruwa, ƙiyasin masana bai wuce mace ɗaya cikin ɗari masu irinsa ba, kuma yawanci sai bayan shekaru masu yawa. Amma magani na sha ko na shafawa ba ya narkar da shi, iyakarsa rage zafi. Abin da ke raba ki da shi, da zugin, da wannan fargabar, shi ne a yanke shi gaba ɗaya har da ɗan naman da ke kewaye, a kai gwaji. Yana ƙarami aikin ƙarami ne. In ya girma ya kama naman ciki, aikin ma girma yake. In kin ga yana ƙaruwa da sauri, ko ciwon ya daina bin wata, kada ki jira ranar, ki tafi.

Kada ki ga laifin Inna. Ta binne ƙanwa, ba ta so ta binne 'ya. Sai dai abin da na sha gani shi ne, ana kai mai daji asibiti bayan ya gama cin jiki, in ta rasu a ce wuƙa ce. Ban san ciwon Inna Salma ba, Allah ya jiƙanta, amma naki daban ne. Kada ki tafi a ɓoye. Ki roƙi maigidanki ya sa Inna a gaban mota kafin ranar, ta ga hoton da idonta, ta yi wa likita duk tambayar da ke ranta. In da wata babba da take jin maganarta, a tafi da ita. In duk an yi haka ba ta sauko ba, ki durƙusa ki nemi gafararta, ki je a yi miki aikin.

Batun salla, abin da na sani haila ita ce jinin da ya fito ta hanyarsa. Na ɗinki ki wanke ki rufe, amma ki tabbatar a wurin malamarku ta Islamiyya.

Ranar da za ki yi wa Inna magana, ki ɗora mata Afra'u a cinya, ki tuna mata kwana biyun nan da ta yi tana riƙe da hannunki a Fassi. Ƙarfen da take tsoro shi ya fito mata da wannan jikar, ya kuma bar mata ke. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗarki, ya sanyaya zuciyar Inna.

Anti Fanta