Kunnen Da Zan Ji Haƙuri Da Shi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Gambi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama. Na san wasiƙa ba ta isa kabari, amma ke kaɗai ce ba za ki ce mini in yi haƙuri ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Inna, kunnena na hagu ya mutu. Likita ya ce ba zai dawo ba.

Kin bar ni ina ɗinki a unguwar Lazaret, har yanzu ina nan. Wani mai babban kanti a unguwar Gaweye, wanda kowa ke ce wa patoron, ya ba ni aikin rigunan masu gadinsa shida. Shi da kansa ya turo su shagona ɗaya bayan ɗaya na auna su. Ranar da na kai rigunan ƙarshe, ɗaya daga cikinsu, Sumaila, ya tare ni a ƙofa, wai patoron ya hana mai ƙunshin kaya shiga ta gaba. Kin san bakina ba ya ajiya. Na tuna masa cewa rigar da yake yi mini fankama da ita ni na ɗinka ta. Mutane suka yi dariya, shi kuwa ya ɗaga kulki ya sauke mini a kunne.

Kafin 'yan sanda su iso, an tuɓe masa rigar. A komisariya, ofishin 'yan sanda, patoron ya rantse cewa bai san shi ba, wai ɗan zaman kashe wando ne da ke raɓewa a ƙofa. Da yamma kuma sai ga dattawansa a gidan Kawu Isa da ƙwaryar goro, wannan ya ce kala suru da yarensu, wancan ya ce sai haƙuri da Hausa, duk magana ɗaya ce. Mutumin da bai san Sumaila ba, me ya kai goronsa gidanmu?

Na tuna shekarar da awakin Alhaji suka shiga shinkafarki a Saga. Ba ki tsaya zagin awaki ba. Kika ɗaura zane, kika tafi ƙofar gidansa ina biye da ke, kika ce: “Ba a kai ƙarar akuya, mai akuya ake nema.” Na ji kunya ranar, Inna. Yau na gane.

Na san mutum ba akuya ba ne, Sumaila zai amsa nasa. Amma wa ya tsayar da shi a ƙofar? Wa ya ba shi kulki, ya ba shi doka, bai koya masa yadda ake yi wa mutane magana ba? Hannunsa ne ya sauka, amma aikin wani yake yi.

Kawu ya ce in janye, wai talaka ba ya ja da mai hali. Ban janye ba. Ke kika hana ni yar da tsohon kaye, littafin da nake rubuta awo, kina cewa awo ba ya ƙarya. To, yana nan a littafin awona: sunan Sumaila, kafaɗarsa, tsawon hannunsa, a ƙasa kuma sa hannun patoron da ya amince da samfurin rigar. Lauya ya gani, ya yi murmushi. Ranar Litinin za mu tsaya gaban alƙali.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ina kewarki kuma, musamman in na kwanta ta dama duniya ta yi tsit. Amma jiya da dattawan suka dawo, na gaishe su da ladabi yadda kika koya mini, na shimfiɗa musu tabarma, sannan na zauna na juya musu ɓangaren hagu. Kunnen da zan ji haƙurinsu da shi, shi suka kashe.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki, Ya ara mini tsayuwarki ranar Litinin.

Ɗiyarki mai bakin nan,
Rakiya