Kafaɗar Ummi

Juma'a, 17 ga Mayu, cikin azumi

Tun jiya na jiƙa farar ƙasa. Yau da hantsi na ɗauki bokiti da tsintsiya na hau tsohuwar maƙabarta kamar kowace shekara, don mutanenmu su yi sallah da fari. Su biyar ne: Kaka Baya, kakana Ammar da ban taɓa gani ba, Baba Bilƙasim, yayata Hadiya da ta rasu tana goye, sai mahaifiyata Ummi Shadliya. Babu rubutu a kan kowa. Tsofaffinmu ba su yarda da shi ba, Ummi kuwa har wasiyya ta bari, wai kada a rubuta mata suna kamar ƙofar shago, wanda zai tashe ta ya san ta. To, shi ya sani. A bayan ƙasa kuma ni kaɗai na sani, don duwatsu ne birjik a gangaren tudu, kowanne kamar ɗan'uwansa.

Na shafe su tas, na zuba wa tsuntsaye ruwa a kasko. Gwiwa ta yi tsami amma raina fes.

Asabar, 18 ga Mayu

Rabah maƙwabciyata ta faɗo gidan ina tankaɗe, tana dariya har da riƙe ƙofa. Wai godiya ta zo yi.

"Malama Munjiya, Allah ya saka. Na hau maƙabarta gaida mijina na tarar surukata Tawus ta yi fari fat kamar amarya. Ni da ta gasa wa aya a hannu ban taɓa shafa mata ba, sai ke?"

Na ce ba na son wasan banza da azumi a bakina. Ta ce wane wasa, ai Ummi da Tawus har suka mutu ba sa ga maciji saboda kaza ɗaya, yau ga 'yar Shadliya ta yi wa Tawus kwalliyar sallah. "Yanzu haka uwarki na can tana ƙwafa."

Na taya ta dariya don ta tafi.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na hau. Na kankare gefen na biyar ɗin da farce, babu tsohon fari a ƙarƙashi, dutse ne zalla. Na Ummi kuwa ya sha shafi tun shekarar da aka binne ta. Ke nan ranar Juma'a a kan Tawus na durƙusa ina ce mata Ummi, ina ba ta labarin gwiwata.

Sai na juya in nemi Ummi, ban gan ta ba. Na san ba kusa da Kaka take ba, wurin ya cika, ƙasa-ƙasa aka kai ta. Amma ina? Ruwan hunturu ya wanke kowa, duk sun koma toka-toka. Na yi tsaye sororo da tsintsiya a hannu har rana ta dake ni. Wallahi tsoro na ji, irin na yarinyar da ta saki zanen uwarta a kasuwa.

Litinin, 20 ga Mayu

Ɓauren da nake kwatancen kabarin Ummi da shi ne aka sare, shi ke nan. Kowa ma zai ruɗe.

Talata, 21 ga Mayu

Na faɗa wa Rabah zancen ɓauren. Ta ce ɓauren nan ai tun mijinta na raye aka sare shi. Wannan karon ba ta yi dariya ba, ta dai dube ni, kuma na fi son dariyar. Na tambaye ta ko ta san inda Ummi take, kamar ina gwada ta. Ta ce, "Haba Malama, ni nawa ma da ƙyar. Kowa da mutanensa."

Alhamis, 23 ga Mayu

Kaka Baya ce a raina tun safe. Ta haura ɗari, babu wanda ya san da nawa. Tana ba mu labarin ranar da jiragen Jamus suka bi ta kan gonar alkama, ta kwashi 'ya'yanta ta shige kogo da akuya ɗaya, ta ce akuyar ta fi mijinta dauriya. Ta haifi goma sha ɗaya ta binne bakwai. Tana da tasa'in tana hawa tsani tana tsefe zaitun, tana zagin samari cewa hannunsu na auduga ne. Har yau a ƙauyen nan in tsohuwa za ta sa maka albarka sai ta ce Allah ya ba ka shekarun Baya.

Masu wannan addu'ar ba su zauna da ita a ƙarshe ba, mu muka zauna. Tana ɓoye gurasa a cikin rigarta don yaran da suka mutu tun kafin a haifi Ummi, har ta yi funfuna a jikinta. Ni kuma Hadiya take ce mini, ta kama fuskata tana mamakin yadda na warke. Na daina gyara mata.

Baba ya kai tasa'in da ɗaya, ranar da zai rasu ma sai da ya gaya wa ƙanena wane itacen zaitun ne ke son sassabe. Mazan gidanmu da hankalinsu suke tafiya. Mu mata ne jiki ke riƙe mu bayan kai ya tafi.

Asabar, 25 ga Mayu

Na sha ruwa da rana tsaka, kofi guda, sai da na ajiye na tuna. Rabah ta ce Allah ne ya shayar da ni, ita ma ta taɓa cinye rabin gurasa. Kowa na yi. Na sani kowa na yi.

Lahadi, 26 ga Mayu

'Yata Siham ta kira daga Tunis. Sai ana jibi sallah za ta samu hutu a kantin maganin. Ta sake kawo zancen ɗakin da ta gyara mini, wai har da labule sabo. Na ce ta ba kyanwarta ɗakin.

"Ummi, muryarki fa ba daidai ba."

Na ce azumi ne. In yarinyar nan ta ji abin da ya faru, a ranar za ta tura ni cikin motar haya da akwatina, ta kai ni wurin likitoci su tambaye ni yau wace rana. Ita ba ta hawa maƙabarta, tun tana ƙarama take cewa ƙaya na cizon ta. In na tafi, ko in na zauna kaina ya tafi, su biyar ɗin sun zama duwatsu. Na Ummi ma ga shi ya riga ya zama.

Litinin, 27 ga Mayu

Na gwada zana wurin a takarda. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara lissafi da zane a allo, abin da na fitar kamar kashin awaki. Na yage.

Laraba, 29 ga Mayu

Yau Ummi ce a raina. Ta kai tasa'in da shida. Babu bargon da ake shimfiɗa wa amarya a unguwar nan da bai bi ta masaƙarta ba, kuma ta san ranar haihuwar kowa da abin da aka dafa ranar sunansa. Sai ga shi ta fara zuba gishiri a shayi. Daga baya kullum la'asar sai ta tambaye ni ina Bilƙasim. In ce ya rasu, ta fasa kuka sabo fil kamar yanzu aka gaya mata. Sai da na yi mata haka ya fi a ƙirga kafin na koyi cewa ya tafi gona. Ta ce to a ajiye masa abinci. In ajiye.

Ina tambayar kaina yaushe abin ya fara mata, na kasa ganewa. Lafiyarta ƙalau shekara da shekaru, in ban da kafaɗar nan. Ina da arba'in da wani abu, wani azumi, ta ce kafaɗarta na ciwo, in zo in riƙe mata bokiti. Na yi ta mita, ga jarrabawar yara a gabana. Ta ce, "Malama ce a makaranta, a nan 'yata ce, ɗauki." Tun daga nan kowace shekara sai ta ja ni. A kan kowane kabari ta tsaya ta ba da labarin mai shi, labarin da na ji har na haddace, akuyar kogo, Ammar da raƙuminsa mai cizo, Hadiya da zazzaɓin dare uku. In na ce na sani ta ce sake ji. Na saya mata man shafawa kala-kala, na kai ta asibitin garin Kef, likita ya ce bai ga komai a kafaɗar ba. Ta ce likitan yaro ne.

Shekarata sittin da tara. In na gaji jikinsu, saura mini kusan talatin. Wannan lissafin ne ke hana ni cin abincin buɗa baki.

Alhamis, 30 ga Mayu

Na tsaya a madafa ina neman sunan abin da ake kwasar miya da shi. Yana hannuna. Ludayi. Ludayi ne.

Juma'a, 31 ga Mayu

Na tashi kaina garau, na ce yau ko ni ko tudun nan. Ban ɗauki bokiti ba. Na fara daga kan Kaka Baya kamar yadda Ummi ke yi, na yi mata sallama, na ba da labarin akuyar da ƙarfi, ni kaɗai kamar mahaukaciya. Na wuce kan Ammar na ba da na raƙumin. Baba. Hadiya. Ina gama na Hadiya ƙafata ta gangara da kanta, don a nan ne Ummi kan ce ta gaji, mu je ta huta. Akwai wani falalen dutse da take zama a kai, ni in dire bokitin a gefenta. Ga shi nan, da ɗigon farin shekaru a jikinsa, zobe kan zobe inda gindin bokiti ke zama. Sai na ji muryarta, nan za ku sa ni, na riga na ɗumama wurin.

Tana nan dab da dutsen. Na kankare gefe, fari a kan fari. Tawus na can jere biyu a sama, ban san abin da ya kai ni ba.

Na zauna na yi kuka, na ba ta haƙuri kan Tawus. Daɗi ya kamata in ji, kuma na ji, amma ina saukowa tsoron ya biyo ni. Yau ƙafar ta tuna. Ranar da ita ma ta manta fa?

Asabar, 1 ga Yuni

Ban shafa wa Ummi ba tukuna. Rabah ta tambaya, na ce farar ƙasar ta ƙare. Ta kalli rabin buhun da ke bayan ƙofa, ta ce lallai kam ta ƙare.

Litinin, 3 ga Yuni

Siham ta iso da jakunkuna da surutu. Ta rame, ba ta cin abinci a garin can. Na kama ta tana buɗe tulun gishiri da na sukari tana leƙawa, wai tana neman na'a-na'a. Ko Rabah ta kira ta? Ban tambaya ba. Tsohuwa Janat ta shigo gaishe ta, da za ta tafi ta dafa kaina ta ce Allah ya ba ni shekarun Baya. Siham ta ce amin.

Bayan la'asar na jiƙa farar ƙasa.

Talata, 4 ga Yuni, jajibirin sallah

Da safe na ce wa Siham kafaɗata na ciwo, ta zo ta riƙe mini bokiti. Ta ce ga cincin ɗin sallah ba a gama ba, ga ƙaya, ga rana, ta duba mini kafaɗar tukuna ta ba ni magani. Na ce mai magani ce a Tunis, a nan 'yata ce, ɗauki.

"Wace kafaɗar ce, Ummi?"

Na ce ta dama. Ashe ta hagu nake riƙe da ita. Ta dubi hannuna, ta dube ni, ta sunkuya ta ɗauki bokitin.

Mun fara daga kan Kaka. Da na soma labarin akuya ta ce ta sani, na ce sake ji. Ta ji. A kan Hadiya ita ta tambaye ni dare nawa zazzaɓin ya yi. Na zauna a falalen dutsen, ta dire bokitin daidai kan zoben ba tare da na nuna mata ba. Ita ta shafa wa Ummi, ta ɓata rigarta, shafin ma duk gargada, amma ya yi fari. Da za mu sauko na ce ta wuce gaba ta kira mini su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɓata a kan Ammar, na gyara mata. Ta ce da babbar sallah za ta dawo mu sake hawa, ko ba shafi. Zancen ɗaki da labule bai taso ba yau.

Tun da muka dawo nake tuna wani abu. Duk shekarun nan da Ummi ke kukan kafaɗa, da wannan hannun take murza kuskus na gidan biki, da shi take buga masaƙa har magariba. Ni kuma ina ta sayen man shafawa.

Tawa dai tana ciwo da gaske. Kaɗan.