Jingar Marken Ruwa

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Ɗalibai sittin da uku, babu ɗaya da ya san kunne ake rubuta wa wasan rediyo. Muttaka ya rubuto min "sai ta harare shi". Na ce ya tashi ya yi hararar mu ji ƙararta. Aji ya kwashe da dariya, ni ban ga abin dariya ba. Shekara goma sha takwas ina gidan rediyo kafin in zo jami'a, ga inda na ƙare.

Dakta Ramatu, shugabar sashenmu, ta ce wasan da ya fi kyau cikin aikin kammala karatun 'yan aji huɗu za a sa shi a gidan rediyon Haɗeja, in na sa hannu. Sa jira.

Laraba, 16 ga Yuli

Saude ta kawo nata. Mai zaman gaban nan, mai tambayar tsiya. Shafi goma sha biyu a kan ambaliya. Kowa ambaliya, sai ka ce babu wani abin da ke faruwa a ƙasar nan sai ruwa.

Na karanta a tsaye. Wai wani mutum ya haye kogi ranar Juma'a, lokacin da maza duk suna masallaci, ya fasa jingar da ta tare wa ƙauyen su Saude ruwa don gonarsa ta tsira. Marken Ruwa, can bayan Auyo. Ta ce kakarta ce ta ba ta labarin, shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma har yau ba a san wanda ya yi ba.

Na ce ta tafi, zan neme ta. Ban ci abincin rana ba.

Alhamis, 24 ga Yuli

Na yi wa takardar wanka da jan biro. Kiɗan buɗewa ya yi tsawo. Mutum shida a fage ɗaya, mai saurare zai gane wa? Ta gyara duka cikin kwana biyu, 'yar naci. Na nemo wasu kurakuran. Maki ashirin da takwas na rubuta da fensir. In ya tabbata, sai ta maimaita shekara. Ruwanta.

Kuma dubi yadda ta yi mutumin. Yana haƙa yana ƙyaƙyata dariya, yana cewa "su mutu mana". Shirme!

Lahadi, 27 ga Yuli

Baba bai yi dariya ba. Ina wurin.

Juma'a, 1 ga Agusta

Ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba.

Yarinyar da aka haifa jiya me ta sani? In kogi ya cika ya kawo wuya, gaɓar da ta fara fashewa ita ke ceton ɗayar. Kowa ya san haka, mu da su duka. Shinkafarmu ta yi ciki, ruwa saura taƙi ɗaya ya haye jingarmu, mu goma sha huɗu a gida. Da su suka riga mu, da mu ne a ruwa. Shekarata goma sha tara. Ni na tuƙa kwalekwalen, ni na riƙo shebur.

Shafi na tara ne ya hana ni sakat. Kakan Saude yana kwance ba lafiya, shi ya sa bai je masallaci ba. Ruwa ya ci gindin katanga, ta faɗo masa.

Wannan ban sani ba. Ko dai ban tambaya ba. Sati biyu bayan abin na koma makaranta Kano.

Talata, 5 ga Agusta

Dakta Ramatu ta tare ni a baranda. Wai ta karanta wasan Saude, ita ba ta ga na biyunsa ba a ajin. Na ce ita talabijin ta koyar, ta bar min rediyo. Ta ce, "Malam Abdulfattah, lafiya dai ko?" Lafiya lau. Sa ido.

Bayan azahar ga yarinyar a ofis, ido jajir. "Malam, in ba kyau ka nuna min inda ba kyau. In kuma ni ce ba ka so, ka faɗa min in sani." Ji rashin kunya! Na ce mugun nata ƙarya ne, babu ɗan Adam mai magana haka. Ta ce, "To ni ban taɓa ganinsa ba, Malam. Wanda ya kashe kawai na sani."

Na kore ta. Mai kaza a aljihu dai.

Asabar, 9 ga Agusta

Iya tana tsakar gida tana tsince wake, rediyon nan nata a gefe kamar kullum, ba ya mutuwa sai batir ya ƙare. Ban san abin da ya kai bakina ba, na ce, me ya sa Baba bai ci shinkafar shekarar babban ruwa ba?

Ta rage muryar rediyon. "Ta shekarar kawai? Har ya koma ga Allah bai ƙara sa shinkafa a bakinsa ba. Kai kana birni." Ashe ya je jana'izar mutumin da katangar ta faɗo wa. Ya tsaya a sahun baya, ya dawo ya kwanta kwana uku.

Na gaya mata zancen yarinyar, ban rage komai ba, har makin. Ta daina tsintar.

"Jikarsa ce?"

Na ce e.

"Fatahu, mun cinye musu shinkafa, kai kuma za ka cinye mata shekara?"

Na ce, Iya, a rediyo fa za a sa. Duk ƙasar Haɗeja za ta ji, har 'yan garinmu. Ta ce ai ita ma kunnenta ba toshe yake ba. Ta ƙara muryar rediyon ta ci gaba da wakenta.

Haushin kowa nake ji. Har Baba, Allah ya jiƙansa.

Litinin, 11 ga Agusta

Na soke dariyar. Aikin malami ne, wasan ba zai tsaya da ita ba. Na rubuta a gefe: ba ya dariya. Duk shebur ɗaya, "Astagfirullah". Numfashinsa ya fito sosai. Daga nesa a ji liman yana huɗuba. Sai ya ce wa ɗansa, "Kada ka dubi garin, dubi ƙasa."

Alhamis, 14 ga Agusta

A tsaye ta karanta gyaran. Ta kai ƙarshe ta sake komawa farko.

"Malam, ni ban sa masa ɗa ba."

Na ce yana da shi.

Ta daɗe tana kallona. Na jira ta yi ihu ko ta fita ta tara min jama'a, wallahi da na fi son haka. Ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan yana raye?" Na ce yana nan. Ta ce, "To sai ya yi magana a ƙarshe. Kakata za ta saurara."

Na goge fensir. Saba'in da huɗu, na sa hannu. Har yanzu kiɗan buɗewarta ya yi tsawo, kuma na gaya mata.

Laraba za a ɗauki murya. Muttaka zai fito a uban, in Allah ya sa ya iya. Ɗan kuwa, yanzu ya kai hamsin, duk sakarkarun ajin nan babu mai muryar. Dole ni zan yi. Ba don komai ba, don kada su ɓata min aiki.

Iya ta ce in sayo mata sabon batir.